Manzannin da ke yawo cikin jini

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa)



Da aka aiko mini da takardar gayyata, an ce in yi magana a kan wani fanni na ilmin jikin ɗan Adam wanda zai amfani mutanenmu na gida. Na daɗe ina juya abin a raina, sai na tuna da wata mata da na sani tun ina yaro, mai sayar da daddawa a kasuwar ƙauyenmu. Ko da zafi ko da ɗari, ba ta rabuwa da gyale naɗe a wuya, domin tana da maƙoƙo wanda ya kusa kai girman lemon zaƙi. Mu yara mukan yi ta leƙenta, manya kuwa kowa da bayaninsa. Wani ya ce gashi ta haɗiya, wani ya ce ruwan rijiyarsu ne, wani kuma ya rage murya ya ce sammu ne na kishiya. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a sami wanda ya gaya mata cewa mai yiwuwa abin da jikinta ya rasa bai kai cikin cokalin shayi ba. Saboda ita na zaɓi in yi muku magana yau a kan yadda sassan jiki ke aika wa juna saƙo ta cikin jini, da abin da kan faru idan saƙon ya lalace.

Jiki kamar ƙasa yake. Akwai masu noma, akwai masu ajiya, akwai masu tsaro, kuma ba yadda za a yi mulki ya tafi daidai sai da hanyar isar da umarni. Hanyoyin nan biyu ne. Ta farko ita ce ta jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka, kuma tana aiki kamar wayar tarho: saƙo ya tashi daga nan ya sauka can, wurin mutum ɗaya, kafin ƙiftawar ido. Ta biyu ita ce wadda muka taru dominta. Ita kamar mai shela take ranar kasuwa. Yana zagayawa yana faɗin saƙonsa kowa na ji, amma wanda abin ya shafa shi kaɗai zai bar rumfarsa ya tashi. A cikin jiki akwai waɗansu 'yan gaɓoɓi ƙanana, bari mu kira su gidajen aike, waɗanda aikinsu shi ne su haɗa wani sinadari su zuba shi kai tsaye cikin jini. Jini kuwa yakan zagaye jiki duka cikin kamar minti ɗaya. Wannan sinadari shi masana ke kira homon, ni kuwa a wannan zama zan riƙa ce masa manzo.

Sanin wannan hanya bai daɗe ba. A shekarar 1902 waɗansu masana biyu a birnin Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka yi gwaji a kan kare. Suka yanke jijiyoyin wani yanki na hanjinsa, sa'an nan suka zuba ruwa mai tsami irin na tumbi a cikin yankin. Sai ga fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta soma fitar da ruwan narka abinci. Waya a yanke take, amma saƙo ya isa. Daga nan suka gane cewa hanjin ne ya saki wani sinadari cikin jini. A 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zuga ko tayarwa.

To, ina gidajen aiken suke? A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai fituwitari, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ita ce kamar hakimi, domin tana aika wa waɗansu gidajen umarni su ƙara aiki ko su rage, ita ma kuma tana karɓar umarni daga wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke samanta, mai suna haifotalamos. Ita ce ke fitar da manzon da ke sa yaro ya yi tsawo, da wanda ke kawo wa mai jego ruwan nono, da wanda ke sa mahaifa ta matsa lokacin naƙuda. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai tayirod. A bisa kowace ƙoda akwai adirinal, zaune kamar hula. Akwai fankiriyas da na ambata. Sa'an nan akwai 'ya'yan maraina ga namiji da ma'ajiyar ƙwai ga mace, waɗanda manzanninsu ke sa muryar saurayi ta buɗe gemu ya tsiro, budurwa kuma ta soma al'ada.

Wani zai tambaya, tun da jini yana kai manzo ko'ina, me ya hana kowace gaɓa ta amsa? Amsar ita ce, kowane manzo kamar mabuɗi yake, kuma sai ƙwayar halittar da ke da kwaɗon da ya dace da shi ce za ta buɗe masa. Sauran sai ya wuce su kamar baƙo a bakin ƙofa.

Ga misali wanda kowa ya taɓa ji a jikinsa. Manomi yana cikin gonar masara a Doguwa, ya sunkuya zai cire ciyawa, sai ga kububuwa dab da hannunsa. Tsallen da ya yi baya aikin waya ne. Amma abin da ya biyo baya, zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe, numfashi ya yi sauri, jiki na rawa har bayan an kashe macijin, a nan akwai hannun adirinalin, manzon da adirinal ke saki. Shi ne ke gaya wa zuciya ta ƙara bugu, hanta ta saki sukarin da ta ajiye, jini ya bar hanji ya koma ƙwanji. Wanda ya taɓa shiga ɗakin jarrabawa bai yi karatu ba, ya san wannan manzo ko da bai san sunansa ba.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne yadda jiki ke auna yawan manzannin. Mu da muka tashi kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, mun san aikin mai kula da ƙofar ruwa. Idan labari ya zo masa gonaki sun bushe, sai ya ƙara buɗewa. Idan ya ji ruwa ya wadata, sai ya rage. Haka fituwitari take yi da tayirod. Tana ɗanɗana jini kullum. In ta ji manzon tayirod ya yi kaɗan, sai ta aika mata da wani manzo mai suna TSH, cewa ki ƙara aiki. In ya wadata, sai ta sassauta. Ku riƙe wannan, domin da shi za mu warware batun mai daddawa.

Manzon tayirod sunansa tayiroksin. Shi ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci ya sami ƙarfi da ɗumi, kamar mai iza wuta a murhu. In ya yi kaɗan, mutum ya zama mai kasala da jin sanyi da yawan barci, fata ta bushe, jiki ya yi nauyi. In ya yi yawa, sai rama duk da yawan ci, da gumi, da faɗuwar gaba, da rawar hannu, wani lokaci idanu su firfito. Tayirod ba ta iya haɗa wannan manzo sai da aidin. Sunan ba baƙo ba ne gare mu, domin mun san ruwan aidin da ake shafa wa rauni a asibiti. Amma wancan na shafawa ne, ba a sha. Wanda jiki ke bukata ta abinci yake shiga, kuma kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar mikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Mikirogiram ɗaya kuwa shi ne a raba giram gida miliyan a ɗauki ɗaya. In ka tara na shekara 70, bai cika cokalin shayi ba.

To, idan aidin ya yi ƙaranci, tayiroksin zai ragu. Fituwitari ta ji, ta aiko da TSH. Tayirod ta yi iya ƙoƙarinta, amma ba kayan aiki. Fituwitari ta ƙara aikowa, yau da gobe, shekara da shekaru, har tayirod ta kumbura saboda neman ta kama ɗan aidin da ke wucewa. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Mata sun fi maza samunsa, musamman lokacin balaga da goyon ciki, sa'ad da bukatar jiki ke ƙaruwa.

Me ke kawo ƙarancin? Yawancin aidin na duniya a teku yake. Ƙasar da ke nesa da teku, musamman ta tuddai da duwatsu inda ruwan sama ya daɗe yana wanke ta, takan rasa shi, abin da aka shuka a cikinta shi ma ya rasa. Shi ya sa aka san maƙoƙo a duwatsun Suwizalan da na Himalaya, a nan gida kuma a tsaunukan Jos da kewayensu. Duwatsunmu na Riruwai dangin na Jos ne, daga Falgore zuwa bakin teku kuwa tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Kifin Tiga abinci ne mai gina jiki, amma kifin ruwan daɗi bai kai na teku aidin ba. Bugu da ƙari, akwai abincin da ke tare wa aidin hanya. Rogon da ba a jiƙa shi aka sarrafa da kyau ba yana barin wani sinadari a jiki mai hana tayirod kama aidin. Wani likitan ƙasar nan, O. L. Ekpechi, ya nuna alaƙar rogo da maƙoƙo a gabashin Nijeriya tun 1967. A Darfur ta ƙasar Sudan kuma an sami irin wannan alaƙa da gero. Kada wani ya koma gida ya ce na hana shan fura. Waɗannan abubuwa suna yin illa ne galibi inda aidin ya riga ya yi ƙaranci.

Kumburin wuya shi ido ke gani, amma hasarar da ta fi girma a ɓoye take. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta ginuwa daidai sai da tayiroksin, tun yana ciki har shekarunsa na farko. Uwar da ta rasa aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa wanda ba zai yi tsawo ba, ko kurma, ko mai raunin fahimta. Inda rashin bai yi tsanani ba, yaro zai tashi lafiya lau a ido, amma karatu ya riƙa yi masa wuya, malam na duka, uba na faɗa, alhali laifin ba nasa ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi; abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a wannan lokaci ba ya dawowa duka daga baya.

Maganin kuwa mai araha ne. A 1917 wani likita, David Marine, ya soma ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron na Amurka, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a cikinsu. A 1922 aka fara sa aidin cikin gishiri a Suwizalan, a 1924 aka bi sahu a jihar Mishigan ta Amurka. An zaɓi gishiri domin mai kuɗi da talaka kowa na cinsa kullum. A Nijeriya, binciken da aka yi a 1993 ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo, kuma a shekarar ce aka wajabta sa aidin cikin gishirin ci. A 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cika wannan sharaɗi. Wannan abin alfahari ne, amma doka a Abuja take, tukunya kuwa a gidajenmu. Gishirin da aka zube a faranti a kasuwa, rana na dukansa, raɓa na taɓa shi, aidin ɗinsa yakan ragu. Gishirin gargajiya irin wanda ayarin Buzaye ke kawowa daga Bilma, ba a sa masa aidin. A sayi na cikin leda wanda aka rubuta yana da aidin, a ajiye shi a rufe nesa da murhu. Ban ce a ƙara yawan gishiri a miya ba, domin yawansa na jawo hawan jini. Wanda aka saba sawa ya isa, in dai mai aidin ne. Kuma ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Wani na yawan aikin tayirod ne, wani ƙari ne da ke bukatar fiɗa. Duk mai kumburin wuya ya je a duba shi a auna jininsa, kada a tsaga, kada a sa ƙaho.

Manzo na biyu da zan yi magana a kansa ya fi shafarku, ku da za ku zauna a ofis. Sunansa insulin, daga fankiriyas yake fitowa. Idan ka ci tuwo, hanji yakan mai da shi sukari ya shiga jini. Insulin ne ke buɗe wa sukarin ƙofar tsoka, ya kuma sa hanta ta ajiye saura. In babu shi, ko kuwa kwaɗon ya daina amsa mabuɗin sosai, sai sukari ya taru a jini, ya malala cikin fitsari, jiki na yunwa alhali abinci na yawo a cikinsa. Alamominsa su ne yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa. Tsofaffinmu sun lura da yadda tururuwa ke taruwa a inda mai wannan ciwo ya yi fitsari. Iri biyu ne manya. Na farko yakan kama yara da matasa, fankiriyas ta daina yin insulin, kuma ba makawa sai allura. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a birnin Toronto na Kanada, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar, ya ƙara shekara 13 a duniya. Na biyu shi ya fi yawa, yana bin gado da ƙiba da rashin motsa jiki. Kakanninmu sun ci tuwo fiye da mu, amma da fartanya suka ƙone shi. Mu kuwa daga kujera sai babur, ga lemon kwalba, ga shayi mai sukari cokali huɗu. Ciwon yakan yi shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa mutum bai sani ba. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa, da safe kafin a ci komai, ya isa a gane. In awo ya kai 126 a ma'aunin da aka saba, aka sake aka sami haka, to ciwon ne. Mai wannan ciwo da ke son yin azumi ya shawarci likitansa tun watan Sha'aban, domin a daidaita masa magani.

Na uku, ina roƙon 'yan'uwana mata su ba ni kunnensu, ko da yake maza ma ba su tsira ba. Adirinal tana fitar da wani manzo mai suna kotisol, wanda ke taimakon jiki ya jure wahala da ciwo. Masana sun ƙera magunguna masu kama da shi, irin su deksametason, masu amfani ƙwarai a hannun likita. Amma yanzu ana sayar da su a matsayin maganin ƙiba, wanda ake wa laƙabi da sha ka fashe, ana kuma zuba danginsu cikin waɗansu mayukan bilicin. Ƙibar da suke kawowa ta cuta ce: fuska ta kumbura, ciki ya yi tulu, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa, ƙashi ya yi rauni, ga hawan jini, ga ciwon sukari. Ku tuna da mai ƙofar ruwan Tiga. Idan fituwitari ta ji jini cike da wannan baƙon manzo, sai ta daina aika wa adirinal umarni, adirinal ta kwanta barci. Ranar da aka daina shan ƙwayar farat ɗaya, na waje ya yanke, na gida bai farka ba, mutum na iya faɗuwa, har a rasa shi. Saboda haka wadda ta daɗe tana sha kada ta yar da shi yau don ta ji laccata. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali. Haka nan allurar naƙuda, ita ma manzo ce. A hannun ungozomar da ta ƙware tana tsai da zubar jini bayan haihuwa, ta ceci rai. In aka yi ta a gida don a gaggauta haihuwa, tana iya fasa mahaifa.

'Yan'uwa, iyayenmu sun sayar da masara da shinkafa da awaki suka turo mu nan. Ba dukanmu ne za mu zama likitoci ba, amma kowannenmu yana da gida, kuma a gidan ana jin maganarsa don an ce ya yi boko. Ga abin da nake roƙo idan an yi hutu. Ka shiga madafa ka ga irin gishirin da ake sa wa miya, musamman in akwai mai ciki a gidan. Ka ɗauki mahaifinka da mahaifiyarka, in sun haura 40, ka kai su a auna musu sukari da hawan jini. Ki duba abin da ƙanwarki ke sha da abin da take shafawa, ki yi mata magana da lalama, ba da gori ba. Wanda aka ga yana da kumburin wuya a raka shi babban asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Waɗanda za su zama malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumominmu huɗu kuwa, nauyinku ya fi na kowa, domin ku ne za ku tsaya gaban aji, ku ne kuma za ku riƙa zama da dagatai da masu unguwanni da sarakunan kasuwa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Mai daddawa ta tafi da gyalenta a wuya. Jikokinta suna nan a ƙauyukanmu, daga Kwanar Ɗangora har Riruwai, waɗansunsu ma wataƙila suna cikin wannan ɗaki. Ba su da dalilin gadon abin da ta sha fama da shi, tun da yanzu an san sababinsa, an kuma san maganinsa.

 Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa ilminmu ya amfani waɗanda suka ɗauki nauyinmu.